Me Ke Kashe Dodon Koɗi Mai Cin Gansakuka a Ƙaramin Tankin Murjani?

Kifaye suna iyo lafiya lau, murjani ya buɗe yana sheƙi a ƙarƙashin fitila, an gwada ruwa ba a ga abin tashin hankali ba, amma cikin dodon koɗi goma da aka zuba watan jiya uku kaɗai ke motsi. Sauran sun zama ƙwanso fanko a kan yashi. To me ya kashe su?

Kusan duk wanda ya fara kiwon halittun teku a ƙaramin tankin gilashi sai ya yi wannan tambaya, kuma amsar da ya fi ji ita ce, "Ai haka suke, ba sa daɗewa, ka sayo wasu." Amsar tana da sauƙi, tana kuma yi wa mai sayarwa daɗi, sai dai ba gaskiya ba ce. Da yawa daga cikin waɗannan halittu suna yin shekaru a tankin da ya dace da su, wasu har su hayayyafa. Ruwa ba ya tsami banza.

A ganina matsalar tana farawa ne tun daga laƙabin da masu sana'ar suka ba su, wato ma'aikatan shara. Wanda ya ɗauki dabba a matsayin tsintsiya ba zai tsaya tambayar abin da take ci ba, balle tekun da aka ɗebo ta ko yawan da wurin zai iya ɗauka. Zuba ta zai yi ya jira gilashi ya yi fes. Alhali dodon koɗi abin kiwo ne, tankin shi ne makiyayarsa, makiyayar kuma ƙarama ce ƙwarai.

Abin da ake magana a kai

Tankin murjani akwatin gilashi ne da ake cika shi da ruwan gishiri irin na teku, a jera duwatsu, a zuba yashi, a yi kiwon kifi da murjani, wato halittar teku mai rai da ke manne a dutse, a ciki. Idan aka ce ƙarami, galibi ana nufin wanda bai wuce lita 100 ko makamancin haka ba, wani ma lita 20 ne kacal. Gishirin tekun da murjani ke rayuwa ya kai wajen giram 35 a kowane kilo na ruwa, wanda masu kiwo ke karantawa 1.025 zuwa 1.026 a ma'auninsu na nauyin ruwa. Zafin da aka saba riƙewa digiri 24 zuwa 26 ne a ma'aunin Salshiyas.

Gansakuka kuwa suna ɗaya ne aka haɗa wa abubuwa da dama. Akwai ƙura-ƙura mai ruwan ƙasa da ke rufe gilashi da yashi a sabon tanki, ana ce mata dayatom. Akwai kore siririya da ke lulluɓe gilashi kamar an shafa fenti. Akwai mai dogayen zare kamar gashi, akwai mai ƙwallaye kore, akwai kuma ja mai yauƙi wadda a haƙiƙa bakteriya ce, ba gansakuka ba. Dodon koɗi yana cin abinci ne da wani harshe mai ƙananan haƙora jere-jere kamar zarto, yana kankare abin da ya manne a dutse. Abin da harshen ba ya iya kankarewa, ko abin da ke da ɗaci ko dafi, ba abincinsa ba ne ko da ya cika tankin.

Su ma dodannin koɗin ba iri ɗaya ba ne. Trochus, mai ƙwanso kamar dala, daga yankin tekun Indiya da Fasifik yake, ɗan ruwan ɗumi ne. Astraea ya yi kama da shi, amma daga Karibiyan ake kawo shi. Turbo ƙato ne mai yawan ci, kuma wanda ya fi yawa a kasuwa daga mashigin tekun Kalifoniya da ke Meksiko yake fitowa. Cerith siriri ne mai tsini, yana yawo tsakanin yashi da dutse. Nerite ɗan bakin gaɓa ne. Sai Nassarius, wanda ake yawan cusawa cikin masu cin gansakuka alhali mushe da ragowar abincin kifi yake ci. Wanda ya saye shi don ya goge masa gilashi ya yi asarar kuɗinsa tun a shago.

Yaushe ya mutu?

Kafin a ɗauko kayan gwaji, a fara da wannan tambaya, domin ita ce ke rage zato. Wanda ya mutu cikin kwana ɗaya zuwa mako guda da shigarsa, a dubi gishiri, wahalar hanya, ko guba. Wanda ya yi wata ɗaya ko biyu yana aiki sannan aka ga suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, yunwa ce ko zafi. Idan tsofaffi da sababbi suka zube tare a rana guda, wani abu ne ya shiga ruwan ko ya canja a cikinsa.

Gishiri: kifi yana da garkuwa, dodon koɗi ba shi da ita

Nan ne mutane suka fi rikicewa, domin suna auna lafiyar ruwa da lafiyar kifi. Kifin teku yana da hanyar kare kansa. Gishirin jininsa bai fi kashi ɗaya cikin uku na gishirin teku ba, yana shan ruwan yana fitar da rarar gishirin, don haka idan ruwa ya ɗan sauya yana da dabarar daidaita jikinsa. Dodon koɗi ba haka yake ba. Ruwan jikinsa yana bin gishirin ruwan da yake ciki ne sau da ƙafa. Idan aka ciro shi daga ruwa mai ƙarancin gishiri aka jefa shi cikin mai yawa, ruwa zai tsotse daga naman jikinsa. Idan aka yi akasin haka, naman zai kumbura. Ba lallai ya mutu nan take ba. Yana iya manne wa gilashi kwana uku ko biyar yana jinya, mai tanki na ganin komai daidai, sannan ya saki.

Wasu shagunan suna riƙe ruwansu a 1.020 ko kusa da haka, wato gishiri wajen giram 27 maimakon 35. Tazarar ba ƙarama ba ce ga halittar da ba ta da garkuwa.

Masu kiwo sun kasu biyu kan yadda za a saba masa da sabon ruwa. Ɓangare ɗaya na cewa a zuba shi a roba da ruwan da ya zo da shi, a riƙa ɗiga ruwan tanki kaɗan-kaɗan ta siririn tiyo har wajen awa guda. Ɗaya ɓangaren na cewa wannan ɗigar ce ma take kashe wanda ya kwana a leda a hanya, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. A rufaffiyar leda iskar da dabbar ke fitarwa tana taruwa ta sa ruwan ya yi tsami, tsamin kuma yana riƙe amoniya, gubar da ke taruwa daga ƙazantar dabbar, a yanayin da dafinta bai da ƙarfi. Da zarar an buɗe ledar iskar ta fice, tsamin ya ragu, sai amoniyar ta koma mai dafi, kuma a cikin wannan ruwan ake so dabbar ta ƙara awa guda. Shawararsu ita ce a ɗora ledar a rufe a kan ruwan tanki minti 15 zuwa 20 zafi ya daidaita, sannan a ciro shi a saka.

Kowa da gaskiyarsa, amma gardamar tana ƙarewa idan aka auna gishirin ruwan ledar. In ya yi kusa da na tanki, babu dalilin jan lokaci. In ya yi nisa, kuma tafiyar gajera ce, a ɗiga. Abin da ɓangarorin biyu suka yi ittifaƙi a kai shi ne kada ruwan leda ya shiga tanki.

Bayan shiga ma gishiri bai bar shi ya huta ba. Ruwa yana tashi ya zama tururi, gishiri ba ya tashi. Tanki mai lita 40 da ya rasa lita 2, gishirinsa ya haura daga 35 zuwa kusan 37. Mai shi ya dawo ya antaya ruwa lokaci guda, ya sake faɗowa. Babban tanki yana shanye irin wannan hawa da sauka ba a ji ba, ƙarami kuwa kowace rana sai ya girgiza mazaunansa. Akwai kuma wanda yake cike gurbin da ruwan gishiri maimakon ruwan daɗi, gishirin na ta hawa mako bayan mako. Ma'aunin gishirin kansa yana ƙarya, musamman na roba mai allura idan kumfa ta manne masa. Na gilashi mai aiki da haske ya fi, amma shi ma sai an riƙa saita shi da ruwan gwaji mai gishiri 35.

Yunwa a tsakiyar kore

Idan za a tilasta mini in zaɓi dalili ɗaya da ya fi kowane ɗaukar rai a ƙananan tankuna, yunwa zan ce.

Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da ke yawo: dodon koɗi ɗaya ga kowane galan na ruwa. Galan na Amurka lita 3.8 ne, ke nan tanki mai lita 75 zai ɗauki ashirin. Ƙa'idar ta fi amfanar mai sayarwa. Abinci ba a cikin ruwa yake ba, a fuskar dutse da gilashi yake, kuma yawansa ya dogara ga haske da sinadaran da ke ciyar da gansakukar, ba ga adadin lita ba.

Ga yadda abin ke faruwa. An kafa sabon tanki, bayan 'yan makonni dayatom ta rufe ko'ina, hankalin mai shi ya tashi, ya sayo rundunar dodon koɗi. Cikin kwana goma gilashi ya yi tas, ya ji daɗi. Abin da bai sani ba shi ne dayatom da sinadarin silika take gina jikinta, kuma idan silikar da ke cikin sabon yashi da dutse ta ƙare, da kanta take ja da baya. Ya sayi ma'aikata na dindindin don aikin 'yan makonni. Idan kuma da busasshen farin dutse aka fara tankin, wanda bai taɓa zama a teku ba, to babu wani abu a jikinsa da za su koma wa. Tankin da ya yi fes a idon mutum, a wurin dodon koɗi fari ne da yunwa.

Yunwarsa ba ta da hayaniya. Ba ya bin hannunka kamar kifi, ba ka ganin ramarsa saboda ƙwanso ya rufe ta. Naman ne ke tsukewa a ciki, ƙafarsa ta rasa ƙarfin riƙo, ya fara yawan faɗowa daga gilashi. Ranar da aka same shi a rigingine, sai a ce faɗuwa ce ta kashe shi. Faɗuwar ta ƙarasa ne kawai.

Wani zai ce, ai tankina cike yake da gansakuka, ta yaya zai mutu da yunwa? Sai a tambaye shi wace iri. Mai gashi idan ta yi tsawo yawancinsu sukan kewaye ta, sai an cire ta da hannu an bar guntaye sannan su bi. Mai kama da gashin tsuntsu da ake kira Bryopsis kusan babu mai taɓa ta. Mai ƙwallaye ba ta kankaruwa. Ja mai yauƙi yawancinsu gudunta suke yi.

Kuma ko wadda suke ci, ba sa kawar da tushenta. Gansakuka tana rayuwa ne da haske da naitiret da fosfet, waɗanda ke fitowa daga abincin kifi da kashinsa. Dodon koɗi ya ci, ya yi kashi, mafi yawan sinadaran sun koma cikin ruwan. Mai yawan ba kifi abinci ko mai barin fitila tun safe har tsakar dare, ko dodon koɗi ɗari ya zuba tsugune ba ta ƙare ba.

Wanda ya ga gilashi da duwatsu sun yi ƙwal yana da zaɓi biyu. Ko ya rage yawansu ya ba wani mai tanki, ko ya ciyar da su. Busasshen ganyen teku da ake kira nori, marar mai da kayan ɗanɗano, ana ɗaure shi a jikin ƙaramin dutse a ajiye musu da dare, da safe a cire ragowar. Barin gilashin baya ba a goge ba shi ma taimako ne babba.

Ɗan ruwan sanyi a gidan zafi

Wanda ake sayarwa da sunan Margarita daga gaɓar Fasifik ta Arewacin Amurka yake, inda ruwa ya fi na tankin murjani sanyi nesa ba kusa ba. A digiri 26 zai yi aiki kamar ba gobe, domin zafi yana hanzarta komai a jikin halitta mai jinin sanyi, amma ƙona kansa yake yi. Sai ya yi 'yan watanni ya tafi, kuma babu gwajin ruwan da zai nuna dalili. Turbo na Meksiko ya ɗan fi shi juriya, amma shi ma yana galabaita idan zafi ya haura ya zauna.

Ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi, ruwan gishiri ba ya riƙe ta kamar ruwan daɗi. Da dare gansakuka da murjani sun daina samar da ita, sun koma sha. Idan da asuba aka ga duk dodannin koɗin sun taru a saman gilashi a bakin ruwa, a duba ko injin tura ruwa yana motsa fuskar ruwan yadda ya kamata. Ban da Nerite, wanda hawa ɗabi'arsa ce, har yakan fice ya bushe a ƙasa idan babu murfi.

Gubar da kifi ke jurewa

Abin mamaki, jinin dodon koɗi da jan ƙarfe yake ɗaukar iska, kamar yadda namu yake ɗauka da baƙin ƙarfe. Duk da haka jan ƙarfe narkakke a ruwa yana cikin abubuwan da suka fi saurin kashe shi. Da shi ake yi wa kifi maganin cutar farin ɗigo, sau da yawa a kan awon miligiram 0.15 zuwa 0.2 a lita, kuma abin da bai kai haka ba ma ya isa ya share duk wani marar ƙashin baya. Dutse da yashi suna shanye shi su riƙa sakinsa a hankali, shi ya sa dutsen da ya fito daga tankin da aka taɓa yin magani a ciki yake ci gaba da kisa. Yana kuma shigowa ta ruwan famfon da ya bi bututun jan ƙarfe, ko ta wani mahaɗin tagulla a kayan aiki. Kayan gwajin gida sau da yawa ba sa ganin ɗan ƙaramin awon da ke yin ɓarnar, sai an aika ruwan ɗakin bincike. Wannan ne dalilin da ya sa masu kiwon murjani suke nacewa a kan ruwan da aka tace da na'urar RO/DI, mai cire gishiri da ƙarafa daga ruwan famfo. Maganin feshin ƙwari a ɗakin da tanki yake, da maganin tsutsa irin su fenbendazol, su ma suna kisa.

Maganiziyam nasa labarin daban ne. Ruwan teku yana da wajen miligiram 1,300 a lita, kuma murjani na buƙatarsa. Wasu suna ɗaga shi sosai don yaƙar Bryopsis, sai su ga dodon koɗi ya yi laushi yana sakin gilashi. Ba abin mamaki ba ne, domin da gishirin maganiziyam masu bincike suke sumar da irin waɗannan halittu idan za su duba su. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Akwai kuma gubar da tankin ke haifarwa da kansa. Wasu ƙananan halittu da masu kiwo ke kira daino suna rufe yashi da dutse da yauƙi mai ruwan ƙasa, mai zare-zare da ƙananan kumfa a jiki, sau da yawa su ragu da dare su dawo da rana. Sabon shiga yakan ɗauka dayatom ce, ya ƙaro dodon koɗi, su ci su mutu. Irin da ake kira Ostreopsis yana da dafi mai ƙarfi, har mutum ma gara ya sa safar hannu. Abin haushin shi ne an fi ganin daino a tankin mai tsananin tsafta, wanda ya tace ruwansa har naitiret da fosfet suka koma sifiri. Madubin ganin ƙwayoyi ne ke raba gardama tsakaninta da dayatom.

Maƙwabta, da wanda ake ɗora wa laifi

Ƙaguwa mai aron gida ba ta da ƙwanso nata, bayanta kuma laushi gare shi, don haka a ƙwanson dodon koɗi take zama, tana sauya babba duk lokacin da ta girma. Idan babu fanko a kusa, sai ta fitar da mai gidan. Duk da haka ana haɗa su a leda ɗaya a sayar da sunan abokan aiki. Wasu masu kiwo sun haramta wa tankinsu ita gaba ɗaya, wasu na cewa a zuba mata ƙwansuna fanko masu girma daban-daban a ciyar da ita, za a zauna lafiya. Na fi karkata ga na farko idan tankin ƙarami ne, domin babu wurin ɓuya.

Sai dai ana yawan yi mata ƙazafi. Ita da tsutsar nan mai ƙaya da ke fitowa daga dutse da dare, duk inda gawa take nan za ka same su, kuma ganin su a kan gawa ba hujjar kisa ba ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dodon koɗi mai ƙoshi yana manne wa dutse gam, ko ya shige ya ja murfin bakin ƙwansonsa.

Astraea ne ya fi kowa shiga wannan tarko. Idan ya faɗo a bayansa a kan yashi, da wuya ya iya juyawa, zai yi ta miƙa ƙafa yana neman abin kamawa har ya gaji ko a cinye shi. Mai Astraea dole ya riƙa leƙawa kullum yana juya su. Trochus yana juya kansa, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin fifita shi.

Masu kisa na gaske su ma akwai su: kifaye masu ƙarfin haƙori irin mai kumbura ciki, wata shimfiɗaɗɗiyar tsutsa da ke lulluɓe dodon koɗi da dare, da wasu farare ƙananan dodannin koɗi da ba su kai ƙwayar hatsi ba, masu taruwa a bakin ƙwanson babba suna tsotsar ruwan jikinsa. Tocila bayan an kashe fitila da awa ɗaya ko biyu takan tona asirinsu.

Yadda gawa ɗaya ke jawo ta biyu

A tanki bakteriya ce ke mayar da amoniya naitirait, sannan naitiret, kuma yawanta daidai da ƙazantar yau da kullum yake. Ƙaton Turbo da ya mutu a bayan dutse a cikin lita 40 nama ne mai yawa da ya ruɓe lokaci guda. Amoniya ta tashi, ruɓewar ta cinye iska, sauran da dama sun galabaita su bi shi, gawarsu ta ƙara wa wutar fetur. Daga nan abin yakan kai ga kifi da murjani, waɗanda suka fi tsada nesa. Kafin mai tanki ya gwada ruwan wataƙila bakteriya ta riga ta shanye amoniyar, ya ga sifiri, ya rantse ruwansa ƙalau yake.

Dodon koɗi yana iya kwana ɗaya ko biyu a wuri guda bai mutu ba. Idan aka yi shakka, a ɗauko shi a taɓa murfin da ke bakin ƙwanson. Mai rai zai ja shi ciki. Idan murfin ya yi lako-lako ko ya faɗi, a sansana. Warin mataccensa ba ya ɓuya, wanda ya taɓa jinsa sau ɗaya ba ya buƙatar ƙarin bayani. A fitar da shi nan take, a canja wani ɓangare na ruwan da sabo mai gishiri da zafi iri ɗaya, a sa gawayin tace ruwa.

Kafin a sake sayowa

Mafi yawan waɗannan halittu daga teku ake tsinto su, ba wanda ya san shekarunsu ko kwanakin da suka yi a hanya babu ci. Ɗaya ko biyu su mutu cikin sababbi abu ne da ke faruwa ko a hannun ƙwararre. Amma wanda yake sayen goma duk wata uku yana biyan kuɗin kuskure ɗaya ne a kai a kai, teku kuma tana biyan nata kason. Trochus yana cikin 'yan kaɗan da ake samun waɗanda aka haifa a tanki, kuma sun riga sun saba da irin wannan rayuwa.

A tanki mai lita 40 zuwa 75, Trochus biyu ko uku da 'yan Cerith kaɗan sun isa farawa, bayan an ga gansakukar da suke ci ta bayyana. A shago a zaɓi wanda ya manne wa gilashi da ƙarfi, a bar wanda ke kwance a ƙasa, a kuma tambayi awon gishirin ruwansu. A ba su mako biyu ko uku ana lura da gilashi. In kore tana rinjayarsu, a ƙara ɗaya. In sun share ta har suna zagaye babu abin kankara, nori za a sayo, ba wani dodon koɗin ba.